Babi na Biyar: Gangar da Ba Ta Kiran Suna

A shekarar Udoji, wato 1975, kawuna ya zo Gummi hutu daga barikin soja na Ikeja. Ya sauko daga mota da akwatin ƙarfe da bargo, da wata garmaho mai cin batir shida wadda ya rungume a cinya tun daga Legas don kada gargadar hanya ta taɓa allurar. Gidanmu babu lantarki a lokacin, rediyo ma ɗaya ce, ta mahaifinmu, ba a kunna ta sai lokacin labarai da zaɓi-sonka na Kaduna. Kafin a kira magariba labarin garmahon ya gama unguwa. Bayan isha'i zaure ya cika har soro na biyu, mu yara muna ta waje muna leƙe ta kafaɗun manya.

Faya-fayan da ya zo da su ba su kai ashirin ba. Akwai Shata, akwai Ɗanmaraya, akwai Rex Lawson da sojojin wancan zamani suke mutuwar so, akwai Jim Reeves da James Brown. Sai kuma wani guda da ya fita daban, jakarsa tana buɗewa kamar littafi, faifai biyu ne a ciki. Wani abokin aikinsa ne ya bar masa shi a madadin bashi, Kawu kuma ya karɓa da murna saboda sunan da ya gani a jiki, Ginger Baker's Air Force. Ya ɗauka badujalar sojan sama ce ta Ingila. Daren farko da ya sa shi, bai yi minti uku yana juyawa ba jama'a suka ce a cire a maido Shata. Daga nan faifan ya koma ƙasan akwati, sai ni da nake zaro shi da hantsi idan zaure ya watse.

Na shiga sakandare kafin na iya karanta abin da ke jikin jakar sosai. An ɗauki kiɗan ne a gaban jama'a, a zauren Royal Albert Hall da ke Landan, daren Alhamis 15 ga Janairu, 1970. Da na karanta wa Kawu wannan kwanan wata sai ya yi shiru, ya ce in sake faɗa. A ranar ce Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan, yaƙin basasa ya ƙare. Ranar Litinin ta wannan makon, 12 ga wata, da Effiong ya yi jawabin ajiye makamai a rediyo, ita ce kuma ranar da ƙungiyar ta fara fitowa fili a Birmingham. Kawu yana gabas a wannan mako, yana ƙirga abokansa da ba za su koma gida ba. Tun daga ranar ya daina kiran faifan da "hayaniyar Turawa", ya koma ce masa "na ranar nan".

Mai faifan, Peter Edward Baker, an haife shi a Lewisham, kudancin Landan, a 1939. Jan gashinsa ne ya jawo masa laƙabin Ginger. Mahaifinsa magini ne, ya mutu a Yaƙin Duniya na Biyu yaron yana ɗan shekara huɗu. Da kiɗan jaz ya tashi, a ƙananan gidajen rawa na Landan, kuma ubangidansa a sana'a shi ne Phil Seamen, wanda makaɗan Ingila na lokacin suke sallama wa. Seamen ne ya zaunar da shi ya sa masa faya-fayan gangunan Afirka, ya nuna masa yadda ake ɗora ƙirge a kan ƙirge. Duniya ta san Baker ne da ƙungiyar Cream, shi da Eric Clapton da Jack Bruce, daga 1966 zuwa 1968, sannan Blind Faith da ba ta cika shekara ba a 1969. Yana zama a bayan manyan ganguna biyu na ƙafa maimakon ɗaya da aka saba, ga ƙanana a gabansa, ga faya-fayan tagulla a sama, mutum ɗaya yana aikin mutum huɗu.

Shekarun nan ne samarin Ingila da suka ƙoshi da waƙar minti uku suka shiga neman abin da ya fi ta faɗi. Suka ɗauko ƙarfi da amon rok, suka haɗa da 'yancin jaz, inda mai busa ko mai kiɗa yake ƙirƙirar abin da zai yi nan take a gaban mutane. Colosseum sun fitar da Valentyne Suite a 1969, Soft Machine sun fitar da Third a 1970, Nucleus sun fitar da Elastic Rock a shekarar, a Amurka kuma Miles Davis ya saki Bitches Brew. Akasarinsu sun fuskanci kiɗan gargajiyar Turai ne ko jaz ɗin Amurka. Baker shi kudu ya fuskanta. Ya tara mutum goma: Steve Winwood a ogan, Ric Grech a babbar gita da gogen Turawa, Denny Laine a gita, Jeanette Jacobs a murya, masu busa uku, Graham Bond da Chris Wood da Harold McNair ɗan Jamaika, sannan abin da ba a saba gani ba, makaɗan ganga har uku, shi da malaminsa Seamen da Remi Kabaka ɗan Nijeriya. Kamfanin Polydor ya fitar da faifan a watan Maris na 1970, waƙa takwas a fuska huɗu.

Ba zan ce faifan ba shi da aibi ba. Mutum goma da ba su daɗe tare ba, a zaure mai amsa-kuwwa, dole wani ya taka ƙafar wani. Akwai wuraren da masu busa suke cakuɗewa har ka rasa wa ke gaba, akwai muryoyin da suka nutse a ƙarƙashin ganguna. Amma inda ya yi kyau ya yi kyau ƙwarai. "Aiko Biaye", wadda Kabaka ya tsara tare da Teddy Osei ɗan Gana, uban ƙungiyar Osibisa, ta haura minti goma tana tafiya a kan ɗan gajeren amshi guda, masu busa suna fita ɗaya bayan ɗaya suna dawowa. "Do What You Like" ƙirgenta biyar-biyar ne maimakon huɗu-huɗun da ƙafa ta saba, shi ya sa duk yaron da ya tashi zai taka mata rawa a zaurenmu sai ya ji kamar an janye masa tabarma. Sai "Toad", wadda kusan dukkanta ganga ce tsantsa.

"Toad" ɗin nan ce nake saurare wata hantsi, na rage murya don batir, sai inuwa ta rufe ƙofar zaure. Wani dattijo ne maƙwabcinmu, makaɗin kalangu na mahauta, wanda duk unguwa ke kira Baba. Yana kan hanyarsa ta zuwa mahauta, kalangunsa a rataye. Na yunƙura zan ɗage allura, ya ɗaga min hannu. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a bakin dakali, ya sunkuyar da kai. Kawu ya fito daga cikin gida ya durƙusa ya gaishe shi, bai amsa ba sai da faifan ya kai ƙarshe.

"Kofur, maido shi baya in ƙara ji."

Aka maido. A karo na biyu na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, ba sa bin babbar gangar, wata ƙarama suke bi can ƙasa wadda ni ban taɓa lura da ita ba.

"Su ukku na," in ji shi. "Guda na riƙe da ƙasa, guda na yawo, guda na cike musu rami."

Kawu ya dube ni, na duba jaka, na ce, "Haka ne, Baba, su uku ne."

Ya gyaɗa kai. "Hannu kam akwai shi, wanga Bature ya sha wahalar koyo. Amma mi taka cewa? Na kasa kunne, ban ji ta kira sunan kowa ba."

Sai ya jawo kalangunsa, ya saƙala a hammata, ya ɗauki gula. Ya matse tsarkiya muryar ta hau, ya sassauta ta sauko, ya kaɗa wani ɗan gajeren take sau biyu. Ban san shi ba, amma na ga Kawu ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo ruwa, mahaifiyata kuma ta yi guɗa daga tsakar gida. Taken kakanmu ne, wanda ya rasu kafin a haife ni. Babu wanda ya buɗe baki, amma gidan gaba ɗaya ya ji an kira shi. Kawu ya laluba aljihu ya ba shi abin da ya samu, Baba ya sa takalminsa ya wuce mahauta.

Na shekara da yawa ina juya maganar dattijon nan, kuma ta fuskar sana'a gaskiya ya faɗa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kowace gaɓa tana da karinta, sama ko ƙasa ko faɗuwa, tana kuma da nauyinta, doguwa ko gajera. Kalangu yana iya bin waɗannan duka domin tsarkiyar da ta haɗa fatunsa biyu tana ƙara wa fata tauri ko ta rage gwargwadon matsin hammata. Kotso, kayan kiɗan fada, baki ɗaya ne gare shi, da hannu ake kaɗa shi, ana liƙa masa nake a tsakiyar fata don murya ta zauna, shi ma yana magana. Gangunan Baker kuwa kowace an ɗaure ta a murya ɗaya tun kafin a hau dandali. Yana iya zagaya su ya fitar da wani abu mai kama da kari, kuma ya fi yawancin tsaransa iya wannan, amma ba za su furta suna ba, kuma Ingilishi ma ba harshen da ganga za ta kwaikwaya ba ne ta wannan hanya. A wajen Baba, gangar da ba ta kiran kowa kamar maroƙi ne da ya zo ƙofar gida ya yi ta motsa baki.

Inda na rabu da shi shi ne, ni wannan rashin maganar ne ya buɗe min kunne. Mu mutanen Zamfara mun tashi a cikin kiɗa kamar kifi a gulbi. Ƙasar nan da kewayenta ita ta ba Hausa Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru na ƙasar Maradun, da Salihu Jankiɗi da aka haifa a Rawayya, da Ibrahim Gurso na Mafara, da Kassu Zurmi, da Amali Sububu na manoma, da Sani Sabulu na Kanoma. Fadar Sarkin Zamfaran Anka da ta Sarkin Mafaran Gummi da ta Sarkin Dankon Bukkuyum, kowace da makaɗanta da tamburanta. Amma idan muka zauna sauraro, magana muke bi. Muna jiran habaici, muna jiran zambo, muna jiran inda za a wasa gwani a kwance wa abokin gabarsa zane a kasuwa. Kiɗan yana nan ƙarƙashi yana ɗauke da komai, ba ma duban sa, kamar yadda mai hawa ba ya duban ƙafar doki sai ta yi tuntuɓe. Faifan Baker bai ba ni kalmar da zan bi ba, sai ya tilasta min bin hannu. Da na koma ga Ɗanƙwairo da wannan kunnen, sai na ji abin da ban taɓa ji ba a waƙoƙin da na haddace tun ina yaro.

A gwada a ji. A sa kowace waƙar Ɗanƙwairo ta fada, a daure a ƙi bin ma'ana na minti biyu. Za a ji kotsanni ba abu ɗaya suke kaɗawa ba. Akwai mai riƙe da ƙasa, ba ya gusawa ko da me ake ciki. Akwai mai cike gurbin da na farko ya bari. Akwai wanda yake sakin layi ya yi magana, ya faɗi gindin waƙar da fata kafin baki ya faɗe shi. A samansu jagora yana fara ɗa, bai kai ƙarshe ba 'yan amshi sun karɓe, sun yi ƙari, wani ɓangare ya miƙa wa wani, su yi ta karɓeɓeniya har numfashin mai sauraro ya ɗauke, sannan gaba ɗaya su faɗo kan gindi a bugu guda, babu wanda ya riga wani. Abin da dattijon nan ya ji a "Toad", mai riƙe ƙasa da mai yawo da mai cike rami, ya gane shi nan take ne domin tsarin gidansu ne. Ginin jaz kansa bai yi nisa da wannan ba: a kafa kari guda kowa ya san shi, a saki mutum ɗaya ya yi yawo iyakar basirarsa, a dawo a haɗu. Gindi da ɗiya ke nan. Bambancin, Air Force sun yi 'yan makonni suna gwaji, makaɗan fada kuwa gado ne, yaro yana fara bin mahaifinsa tun bai iya ɗaura wando ba, yana shekaru a amshi kafin a yarda ya taɓa babban kotso. Shi ya sa dawowar mutanen Ɗanƙwairo kan gindi ta fi ta mutanen Baker tsabta nesa ba kusa ba.

Baker bai tsaya a faifan nan ba. Air Force ta sake fitar da na biyu a ƙarshen 1970, ta watse a 1971. McNair ya rasu a shekarar, Seamen a 1972, Bond a 1974. Shi kuwa Baker ya bi abin da yake nema har gida. Ya san Fela tun Fela yana karatun kiɗa a kwalejin Trinity ta Landan, kuma a 1971 suka yi faifan Live! tare da ƙungiyar Africa 70, inda ya zauna gefen Tony Allen. A ƙarshen shekarar ya ratso Sahara a mota Range Rover daga Aljeriya, Tony Palmer yana ɗaukar tafiyar a fim ɗin da aka sa wa suna Ginger Baker in Africa. Wanda duk ya keto hamada ta nan zuwa teku, ƙasar Hausa zai ratsa, amma shi Legas ce a ransa. A Ikeja ya gina situdiyon ARC mai layin ɗauka goma sha shida, aka buɗe a 1973, kuma a nan Paul McCartney da Denny Laine, tsohon ɗan Air Force, suka ɗauki ɗaya daga cikin waƙoƙin Band on the Run. Situdiyon bai yi tsawon rai ba. Abin da Baker ya tafi da shi daga Nijeriya har ƙarshen rayuwarsa shi ne son wasan folo, wasan da gidan sarautar Katsina ya riƙe tun zamanin Sarki Dikko. Ya rasu a watan Oktoba na 2019 yana da shekara 80.

Layi goma sha shida yana nufin kowace ganga da kowace murya a ba ta makirfo nata da hanyarta, ta yadda bayan shekara hamsin za a iya rage kowa a bar mutum ɗaya a saurare shi. Wannan na'ura tana Ikeja a 1973, shekarar da Jankiɗi ya rasu, lokacin Ɗanƙwairo yana kan ganiyarsa, kuma ya rayu har 1991. Narambaɗa ya riga ya tafi tun farkon shekarun 1960, abin da ya rage mana na waƙarsa Bakandamiya ɗauka ce ta wancan zamani, murya a gaba, kotsanni a baya kamar ana jin su ta katanga. Yawancin abin da muke da shi na manyan makaɗanmu daga gidajen rediyo ya fito, Kaduna da Sakkwato, ko daga rikoda da wani ya ajiye a gaban jagora a wajen biki, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset har kiɗan ya zama gunji. Muna gode wa waɗanda suka ɗauka, ba don su ba da babu komai. Masana ma sun yi aiki: David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa a littattafansa, ɗalibai a Sakkwato da Kano da Zariya sun rubuce waƙoƙi masu yawa baiti-baiti. Sai dai abin da ya fi shiga takarda shi ne abin da baki ya faɗa. Abin da hannu ya faɗa yana nan a kaset mai shuu.

Abin da ya fi ci min rai ma ba na'ura ba ne, jakar faifan ce. Mutum goma, kowa da sunansa da abin da ya riƙe. Saboda wannan jakar, yaro a Gummi ya san akwai wani Remi Kabaka, ya san akwai Harold McNair, ya san wanda ya busa sarewa. A tambayi masoyin Narambaɗa na gaske, wanda zai iya rera Bakandamiya daga farko har ƙarshe, wa ya riƙe masa ƙasa a kotso a ɗaukar da muke ji. Ƙungiyoyin nan suna da tsari da muƙamai, har da sarautu irin su Daudun Kiɗi, kuma a garuruwansu an san kowa da gidansu. Amma kaset ya fita da suna ɗaya, na jagora, mu kuma muka karɓa a haka. Dattijan da suka san sauran sunayen suna ƙarewa. Kiɗan kansa ya ja baya a ƙasarmu: an yi shekarun da aka takura shi bayan 1999, samari sun koma kiɗan kwamfuta na situdiyo, ga kuma rashin tsaron da ya hana gayya a gonakin nesa tsakanin Anka da Bukkuyum, inda a da gangar noma take tashin ƙauye tun asuba.

Kawu ya rasu, garmahon ta mutu tun kafin shi. Faifan farko zafin ɗaki ya lanƙwasa shi kamar faranti, na biyu yana nan da tsaga a baki. Jakar ce take wajena, kuma duk daren 15 ga Janairun yana cikin wayata, ina jin sa duk lokacin da na so, har tafin mutanen zauren.

Bara na je ɗaurin aure Anka. Da yamma aka kawo masu kalangu ƙofar gida, su biyar. Jama'a suka yi wa mai waƙa rumfa da wayoyi, ana liƙi, sanƙira yana ta zuga. Ni na zagaya ta baya na tsuguna kusa da wani yaro da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, yana riƙe da kuntukuru a tsakanin cinyoyinsa. Idonsa ba ya kan kowa, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa bai kuskure ko sau ɗaya ba cikin kusan rabin awa, duk sauran a kansa suke tafiya. Na kara wayata dab da fatar na ɗauka. Da aka tsaya shan ruwa ya dube ni da mamaki.

"Baba, mai waƙar yana can gaba."

Na ce na sani, shi na zo ji. Na tambaye shi sunansa, da na mahaifinsa, da na wanda ya koya masa, da garinsu. Da na dawo gida na ɗauko jakar faifan Kawu na rubuta su a ciki, da kwanan wata, a ƙarƙashin sunan Remi Kabaka.